SABO TURKEN WAWA: WA KE RIƘE DA LINZAMI?

Gabatarwa

Da farko dai ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya tamu ta Hausa da suka ba ni fili a cikin mujallarsu. Abin da zan yi magana a kansa ƙaramin abu ne a ido, har wani ya ce bai isa a ɓata takarda dominsa ba. Ina nufin lemon nan da ake ce wa mai ƙara kuzari, wanda ke cike da firjin kowane kanti a bakin ɗakunan kwananmu, musamman in jarrabawa ta gabato. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni dai ya tsone mini, ya kuma tilasta mini yin wata tambaya wadda ta girme ni, ta girmi jami'ar nan baki ɗaya. Tambayar ita ce: in mutum ya san abu yana cutarsa, yana kuma son ya bari, me ke hana shi bari? In ni ba na so, to wane ne ke miƙa hannu ya buɗe gwangwanin?

Yadda Abin Ya Faro

A shekarata ta biyu a jami'a na fara sha. Wani abokin karatuna ne ya miƙo mini a wani dare da muke bitar darasi, na ji barci ya watse, ido ya bushe, har asuba ina karatu. Na ce lalle na samu abokin tafiya. Daga gwangwani ɗaya a daren jarrabawa abin ya koma ɗaya kowane dare. Daga nan sai na ga in ban sha da safe ba lacca ba ta shiga, ya zama biyu. Kafin in kai shekarar ƙarshe uku nake sha a yini, ko da karatu ko babu.

Telan da ke mini ɗinki tun ina sakandare shi ya fara faɗa mini gaskiya. Ya ɗora mini awo don ɗinkin Salla, ya duba tsohon littafinsa, ya ce, "Malam, ko dai ka ƙaro yadi ko ka rage tuwo." Muka yi dariya. Da na hau sikeli a asibiti kuwa dariyar ta tsaya, don na ƙara kilo 14 cikin shekara biyu. Abin da ya kai ni asibitin shi ne faɗuwar gaba da ta kama ni a tsakiyar jarrabawa, zuciya tana bugawa kamar ana daka, hannu yana rawa har alƙalami ya gagare ni. Likita ya auna jinina ya ce ya fara hawa. Ya tambaye ni ko akwai ciwon sukari a gidanmu. Na ce mahaifina yana fama da shi. Sai ya ajiye alƙalami ya dube ni, ya ce, "To, ɗan samari, kai ma ga ka a kan hanya."

Na fito na yi wa kaina alkawari biyu: zan bar lemo, zan kuma rage ƙiba. A daren nan, kafin ƙarfe goma sha ɗaya, na sha guda.

Abin da Ke Cikin Gwangwanin

Kafin in shiga maganar masana, ya kamata mu san abokin gabar tukuna. Irin wannan abin sha baƙo ne. A Japan aka fara sayar da Lipovitan D a 1962. A Tailan aka fito da Krating Daeng a 1976, direbobin manyan motoci da leburori suka karɓe shi hannu biyu. Wani ɗan kasuwa na ƙasar Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya haɗa gwiwa da mai shi, Chaleo Yoovidhya, suka fito da Red Bull a 1987, daga nan ire-irensa suka cika duniya. Wanda nake sha wani ne daban, ba kuwa zan kira sunansa ba, domin kaina na kawo ƙara.

Gwangwani mai cin mililita 250 na irin wannan lemo yakan ƙunshi sinadarin kafeyin kamar miligiram 80, da sukari kamar giram 27, watau kusan ƙaramin cokali bakwai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini. Ga baligi wannan ya kama kamar giram 50, in ma da hali a tsaya a 25. Ni kuwa giram 81 nake sha daga lemo kaɗai, ban da shayi da burodi. Da na yi lissafi na shekara guda sai na tarar ya kusa kilo 30, watau fiye da rabin buhun sukari. Ga shi kuma abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, saboda haka ko loma ɗaya bai rage mini ba a kwano.

Kafeyin ba baƙo ba ne gare mu, don shi ne ke cikin goro, wanda kakanninmu fatake suka riƙa tafiya har Gwanja dominsa. Ga yadda yake aiki. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, aikinsa shi ne ya sanar da ita cewa jiki ya gaji. Kafeyin sai ya je ya tare gurbin da adinosin ke sauka. Kamar a ce talakawa sun aiko manzo ya gaya wa sarki gari ya jigata, sai wani bafade ya tsaya a ƙofar zaure ya ce sarki ba ya ganin kowa. Sarki yana ciki yana tsammani lafiya lau, alhali manzanni sai ƙaruwa suke yi a waje. Da bafaden ya gusa sai su afka gaba ɗaya. Ashe ƙarfin da nake ji ba nawa ba ne, rance ne daga barcin gobe, kuma da ruwa ake biya.

Har wa yau, jiki yakan ɗauki kamar awa biyar kafin ya kawar da rabin kafeyin ɗin da aka sha. Wanda ya sha da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da asuba rabinsa yana nan a jini. Miligiram 240 da nake sha bai kai 400 ɗin da hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 ba ya da haɗari ga baligi mai lafiya ba. Lokacin shan ne ya kashe mini barci. Ƙarancin barci kuwa yana buɗe ciki. A wani bincike na Jami'ar Chicago da aka buga a 2004, an taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa huɗu na dare biyu, aka tarar sinadarin da ke tayar da yunwa ya ƙaru, mai sanar da ƙoshi ya ragu, kwaɗayinsu kuma ya karkata ga zaƙi da abinci mai nauyi. Ke nan lemo ya hana barci, rashin barci ya kawo gajiya da yunwa, gajiya ta sake kira lemo. Haka nake ta zagaye kamar akuya a turke.

Duk wannan na karanta shi, na fahimce shi, har ina yi wa wasu bayani. Ban kuwa fasa sha ba. A nan tambayar take.

Abin da Masana Suka Ce

Sukurat, masanin nan na Atina wanda ya rasu a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), yana ganin babu mai aikata abin da zai cuce shi da saninsa. Kamar yadda ɗalibinsa Aflatun ya kawo a littafin Protagoras, wai kuskuren awo ne kawai. Abin da ke kusa yakan yi girma a ido, na nesa ya ƙanƙance, saboda haka daɗin yanzu yake rinjayar wahalar gobe. In mutum ya iya awo sosai, to ya warke. Akwai gaskiya a nan. Da ƙarfe goma sha ɗaya na dare gwangwani yana gabana da sanyinsa, ciwon sukari kuwa yana can shekara ashirin gaba, ba a ko hango shi. Amma ban yarda da shi duka ba, don na yi awon har da alƙalami, na san rabin buhu ne, hannuna bai ji lissafin ba.

Aristotal ya fi kusa da abin da na gani. A kashi na bakwai na littafinsa kan ɗabi'u ya ce mutum yana iya mallakar sani amma sanin ya kasance ba ya aiki a lokacin da ake bukatarsa, kamar na mai barci ko wanda ya bugu. Zai iya furta gaskiya da baki, kamar ɗalibin da ya haddace darasi bai zama jikinsa ba. Ya kuma ce halin kirki da maimaitawa ake samunsa, kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar yin gini. In haka ne, sani kaɗai ba ya tayar da sabo, sai an sa masa wani sabon a gaba.

Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din kan horar da rai, da wani kan karya sha'awar ciki da ta farji. Ya yi jayayya da masu cewa hali ba ya sauyuwa, ya ce in da haka ne da wa'azi da tarbiyya duk sun zama aikin banza, alhali ko doki da kare ana horar da su. Abin da ya fi kama ni shi ne, bai ce a kashe sha'awa ba, don ba ta kasuwa, kuma da ita ake rayuwa. Cewa ya yi a mayar da ita tsaka-tsaki, ta bi umarnin hankali.

Mu kuma Hausawa muna da karin magana biyu da suke kamar suna karo da juna. Mun ce hali zanen dutse, mun kuma ce sabo turken wawa. In aka lura, na farko yana maganar abin da ba ya kankaruwa, na biyu yana maganar turke. Turke kuwa mutum ne ya kafa shi, da guduma, bugu bayan bugu, abin da aka kafa kuma ana iya tumɓuke shi. Kuskurena na farko shi ne na ɗauki turke a matsayin dutse. Nakan ce, "Ni haka Allah ya yi ni, ba na iya karatu sai da shi." Wannan magana tana da daɗi, don tana sauke wa mutum nauyi. Sai dai ƙarya ce, domin na ci jarrabawar shiga jami'a ban taɓa ɗanɗana shi ba.

Yaƙin da Na Sha Kaye

Yunƙurina na farko na gaggawa ne. Rana ɗaya na bar lemo, na bar karin kumallo, na bar tuwon dare, na fara gudu da asuba. Wanda ya saba da kafeyin in ya bari farat ɗaya, ciwon kai yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na ɗaya ko na biyu, ya iya kai kwana tara. Na haɗa wannan da yunwa da gajiyar gudu. A kwana na uku na sha biyu a tsaye, na bi da tsire da gurasa. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda.

Yunƙuri na biyu na wayo ne. Na koma shan irin wanda aka rubuta ba shi da sukari, na ce na gama da ƙiba ke nan. Sukari ya ragu, gaskiya ne, amma barci bai dawo ba, yunwar dare tana nan. Ga kuma wata sabuwar dabara da raina ya ƙirƙiro: tun da na yi tsimi a lemo, ai na cancanci ƙarin ƙosai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da kayan zaƙin da ba sukari ba don rage ƙiba. Ni kam ban bukaci hukuma ba, sikeli ya riga ya gaya mini.

A wannan hutun ne na je gida. Kakata, wadda goro bai taɓa rabuwa da bakinta ba, ta dube ni ta ce, "Angona, wannan teɓa duk ta boko ce? To, ni na fasa auren." Na ce, "Hajiya, ai ke ma kin kasa barin goro." Ta ce, "Ni in na ci goro na san goro na ci. Kai kuwa kana sha kana cewa ƙarfi ka saya." Wasa take yi, irin na kaka da jika, amma maganar ta zauna mini. Ta fi ni gaskiya ga kanta.

Darasin Azumi

Abin da ya warware mini ƙullin shi ne watan Ramadan. Ni da na rantse ba na iya kai azahar ban sha ba, sai ga ni daga alfijir har faɗuwar rana ko ruwa ban kurɓa ba. Kwanakin farko kai ya yi ciwo, na daure, ban ko yi tunanin karyawa ba. To, ina wannan ƙarfin yake a sauran watanni goma sha ɗaya? Mutumin dai shi ne, jikin shi ne.

Da na yi nazari sai na ga abu uku. Na farko, niyya. Mai azumi tun dare ya yanke hukunci, saboda haka in rana ta yi zafi ba ya zama ya sake shawara da ƙishirwa. Ni kuwa kowane dare sai na buɗe sabuwar shari'a da raina, a lokacin da na fi gajiya, shi kuma lauya ne da ba ya gajiya. Na biyu, jama'a. Kowa yana yi, mai shayi ya rufe tebur, babu mai miƙo maka. Na uku, dalili. Azumi don Allah ake yi, wanda ke gani ko an rufe ƙofa.

Wannan na ukun ya sa na binciki dalilina na son rage ƙiba. Na tarar kunyar idon mutane ce: dariyar tela, da tsokanar abokai, da hoton bikin yaye ɗalibai. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin siffofin kirki, tare da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da sauransu. Ba na musun darajar kunya. Sai dai kunyar ido tana aiki ne inda akwai ido, ni kuwa da tsakar dare nake sha, ni kaɗai. Amana ce ke bin mutum har cikin ɗaka. Da na fara ɗaukar jikin nan a matsayin ajiyar da aka ba ni, wanda iyayena ke jiran amfaninsa, wanda kuma za a tambaye ni yadda na yi da shi, sai ƙofa a rufe da ƙofa a buɗe suka zama ɗaya.

Yadda Na Girgiza Turken

Bayan Salla na sake shiri, wannan karo a hankali. Na ajiye maganar rage abinci gefe guda tukuna. Na fara da gwangwanin dare, don shi ne uwar matsalar, na kafa wa kaina doka cewa babu kafeyin bayan la'asar. Bayan mako biyu na cire na rana, na sa shayi ba sukari a gurbinsa. Bayan wani mako biyun na cire na safe. Na sauya hanyar da nake bi daga laburare don kada in wuce ta gaban kantin. Na daina fita da kuɗi da dare. Na gaya wa abokin ɗakina, na ce in ya gan ni da shi ya yi mini magana. Karatun dare na mayar da shi bayan sallar asuba. Sai da barci ya daidaita sannan na waiwayi kwano, na tarar yunwar da nake tsoro ta ragu da kanta. Cikin wata takwas kilo tara ya sauka, jinina kuma ya koma daidai.

Wani zai ce, ashe ba ka yi nasara da ƙarfin zuciya ba, guje wa fagen fama ka yi. Na amsa. Amma ina ganin a nan ne muke kuskuren fahimtar 'yanci. Mun ɗauka mai iko da kansa shi ne wanda zai tsaya gaban abin kwaɗayi ya ƙi. Wannan yana faruwa, sai dai ba kullum ba, kuma gajiyayye ba ya iyawa. Mahayin kirki ba ya jira sai doki ya zabura sannan ya nemi linzami, tun a gida yake ɗaura shi. Ikon da nake da shi da safe, lokacin da hankali ke farke, shi nake amfani da shi in ɗaure mutumin da zan zama da dare. Dukansu ni ne, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi a cikinsu.

Laifin Wa?

Kada a ce na wanke kowa. Akwai masu talla da ke nuna wa yaro cewa ƙarfi a kwalba yake. Ƙasar Lituweniya ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 irin wannan lemo tun 2014, a Nijeriya kuma dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Akwai kuma al'adarmu ta ɗalibai, ta barin karatun wata huɗu sai mako biyun ƙarshe, har muna alfahari da wanda ya kwana uku bai runtsa ba. Ina roƙon malamanmu, Allah ya gafarta musu, su duba yadda ake cunkusa gwaji da aikin gida a ƙarshen zango. Duk waɗannan suna da nasu kaso. Amma in na ce su kaɗai ne, na mayar da kaina akuya ke nan, wadda sai an zo an kwance ta. Wanda ya yarda da hannunsa aka kafa turke, shi ne ke da begen tumɓukewa da hannun nan.

Kammalawa

Ban zo nan in ce na warke sarai ba. Sau biyu na koma, ɗaya a daren da zan miƙa kundin bincikena, ɗaya a hanyar Kaduna da zafin rana. Bambancin shi ne, da can in na faɗi sai in ce tun da an ɓata a ƙarasa. Yanzu kuwa washegari nakan koma kan dokata, ba tare da na zagi kaina ba. Har yau in na ji ƙarar buɗe gwangwani a laburare, yawuna yakan tsinke.

Amsar tambayata ke nan, gwargwadon fahimtata. Mutum yana da iko da kansa, amma ikon ba kullum yake a hannu ba, kuma ba ya zuwa don an kira shi da gaggawa. Kiwonsa ake yi, da niyyar da aka ƙulla tun da wuri, da abokan kirki, da dalilin da ya fi idon mutane nauyi. Ɗan'uwa ɗalibi, wataƙila naka turken ba lemo ba ne, sigari ne, ko maganin tari, ko wayar da ke hannunka. In kana cewa ko yaushe ka ga dama za ka bari, gwada mako guda ka gani. Wanda kuma ya ji bugun zuciya ko jiri, ya je asibiti, kada ya tsaya ga wannan 'yar maƙala. Ina fata masana daga cikin malamai da ɗalibai za su gyara mini inda na kauce. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar jikinmu, amin.